Masu harkar fulawa ku taimaka: in sayi buhu ko in ci gaba da awon mudu?

Maman Haidar:

Slm jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah masu gashe-gashe da soye-soye ku zo ku ba ni shawara dan kaina ya ɗaure. Ina nan Jos ta wajen Rikkos, ina ɗan taɓa kek da mitfai da cincin a gida, da can na yara ne kawai na tafiya makaranta amma yanzu maƙota sun fara ba ni oda, suna ne walima ce, har wata maƙociyata ta ce in shirya ni zan mata cincin ɗin Kirsimeti bana. To fulawar a mudu nake awo a wani shago nan unguwarmu, kuma kusan duk zuwa sai na tarar an ɗan ɗora wani abu a kan kuɗin, shi ne maigida ya ce ai gara kawai a sayi buhu guda a aje a huta. Ni kuma tsoro nake ji, dan wadda na auno kwanaki da na zo tankaɗe sai ga wasu ƙananan ƙwari jajaye a rariya har da 'yan tsutsotsi farare, wlh sai da tsigar jikina ta tashi. In mudu biyu ya yi haka ina ga buhu? Kuma ban san ko daga shagon ta zo da su ba ko a wajena ta yi.

Sai maganar kek ɗina. Bidiyon da nake kallo a YouTube matar sai ta ce a sa fulawar kek, wani wajen ta ce fulawar biredi, wani wajen mai tashi da kanta, ni kuma mai shagonmu fulawa ɗaya ya sani, in na tambaye shi wace iri ce sai ya ce Hajiya ai mai kyau ce. Kek ɗin yana tashi fa sosai a cikin oben har in ji daɗi, ina fito da shi sai tsakiyar ya lotsa, kuma cikin yana da ɗan tauri yana jan baki, ba ya wannan laushin na masu sayarwa. Fulawar ce ko hannuna ne?

Kuma tunda abin ya yi tsada, akwai abin da mutum zai iya haɗawa da ita ta ƙara auki ba tare da kwastoma ya gane an yi masa wayo ba, ina nufin ba tare da abin ya lalace ba? Ga acca muna da ita a gida surukata ta aiko, ga garin alkama ma. Na gode Allah ya bar zumunci.

Mai Biredi Bukuru:

Wslm Hajiya. Ni gidan biredi nake tun ina yaron shago ina shafa mai a gwangwani har Allah ya sa na samu nawa, to bari in faɗa miki abin da na sani. Mai shagonku bai miki ƙarya ba, shi ma bai sani ba ne. Mafi yawan buhun kilo 50 da kike gani a kasuwa dan mu masu biredi aka niƙa shi, mu ne manyan masu saye, daga cikin irin wannan buhun ne masu shago suke farkewa suna auna wa mata a mudu. Ita fulawar biredi ƙarfi ake nema a jikinta, wato danƙo, wanda in kin kwaɓa kin murza za ki ja ƙullin ya miƙe bai tsinke ba. Shi wannan danƙon shi ke riƙe iskar da yis yake fitarwa biredi ya tashi ya tsaya da ƙafarsa. A kek kuma shi ne abokin gaba. Kin ga abin da nake biyan kuɗi in samu shi ne yake ɓata miki naki aikin.

In kina so ki san wacce kike da ita a hannu ba sai kin tambayi kowa ba. Ɗebi cikin tafin hannu ki dunƙule da ƙarfi ki buɗe. In ta tsaya a dunƙule har shatin yatsunki ya fito a jiki, kuma kin ji ta sulɓi kamar hoda, mai laushi ce, ta kek da biskit. In kina buɗe hannu ta wargaje kuma kin ji ɗan gautsi-gautsi tsakanin yatsu, mai ƙarfi ce. Wanda ya fi wannan tabbas, kwaɓa cokali uku da ruwa kaɗan ki yi ɗan curi, ki jiƙa shi a kofi kamar minti 20, sai ki dinga matsa shi a hankali a cikin ruwa kina canza ruwan har farin ya daina fita. Abin da ya rage a hannunki mai kama da cingam, shi ne danƙon. Ki gwada da fulawa kala biyu ki aje su gefe da gefe, da idonki za ki ga wadda ta fi.

Maganar suna kuma, mutane suna rantsuwa da wannan kamfani suna zagin wancan, ni dai na ga buhu mai suna ɗaya ya ba ni aiki daban a watanni daban, saboda alkamar daga waje ake shigo da kusan dukkanta ta jirgin ruwa, yau ta Amurka gobe ta Kanada jibi ta Rasha, su kuma su gauraya. Sunayen ma sun fi masu su yawa. Dangote ya sayar da nasa kamfanin fulawar wa Olam tun 2019, su ne kuma masu Mama Gold, Honeywell kuma masu Golden Penny sun saye mafi yawan hannun jarinsa a 2022. Sai BUA da nasu. Abin da zan ce ki duba shi ne rubutun jikin buhun, akwai wanda ake rubuta Confectionery, wannan dan masu irin aikinki aka yi, ki tambayi dila babba ba mai shagon layi ba, ki ce ta masu kek kike so ba ta masu biredi ba. Ki duba ranar da aka yi ta da ranar ƙarewa, ki duba lambar NAFDAC da hoton idon nan mai nuna an sa bitamin A, ki duba ɗinkin bakin buhun. Ɗinkin kamfani layi ɗaya ne tsaf, in kin ga ramukan tsohon ɗinki a gefen sabo to an buɗe an sake ɗinkewa, ki bar musu kayansu ko nawa aka rage miki.

Buhu guda kuma ni ban ba ki shawara ba tukuna. Mu buhu ba ya kwana biyu a wajenmu shi ya sa ba mu san ƙwari ba. Ke ki lissafa mudu nawa kike ci a sati, in buhun zai wuce wata biyu a ɗakinki to ribar da kika ci a sari ƙwari ne za su cinye ta. Ki nemi mata biyu ko uku masu irin sana'arki ku haɗa kuɗi ku raba a sikeli, ba a mudu ba, mudu shi ke kawo faɗa.

Tsada kuma sai haƙuri, tun yaƙin Rasha da Yukren a 2022 abin ya tashi, aka zo aka saki naira a 2023 ya ƙarasa. Manyanmu suna ba mu labarin lokacin Babangida da aka hana shigo da alkama gaba ɗaya a 1987, sai wajen 1992 aka ɗage, sun ce wancan ne ainihin wahala, har masara da rogo sai da suka shiga biredi.

Abu Fatima:

Ni dai ɗan ci ne ba ɗan yi ba, na shigo ne kawai in roƙi arziki, duk abin da za ku haɗa ku haɗa amma dan girman Allah ku bar mana mitfai yadda yake. Kwanaki na sayi wani a hanya ɓawon sai da na jiƙa da shayi.

Ummi Kubwa:

Maman Haidar sannu da ƙoƙari. Ni 'yar Jos ce Ali Kazaure aka haife ni, aure ya kawo ni Abuja, kuma a nan na san me ake nufi da ajiyar fulawa dan zafin nan da danshin damina ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Ke kin ma ji daɗi garinku da sanyi, ƙwari ba sa hayayyafa da sauri kamar nan, amma watan Agusta na Jos kin san yadda bango yake jiƙewa ko kaya a igiya ba sa bushewa, to a lokacin ba ƙwari ne matsalarki ba, danshi ne.

Su ƙwarin nan yawanci da ƙwansu fulawar take zuwa, ko daga sito ko daga buhun da ya daɗe a buɗe a shago, ƙwan ba ya ganuwa kuma yana wuce rariya, shi ya sa za ki tankaɗe tas ki rufe bayan sati uku ki buɗe ki gan su ki ce daga ina. Maganinsa firiza. Ki raba ta a leda mai kauri kilo biyu-biyu ko uku-uku ki ƙulle sosai ki sa a firiza ta yi kamar sati guda, amma fa sati na sanyi na gaske, in wutarku irin ta yau akwai gobe babu ce kin ga firizar ba ta riƙe ƙanƙara ba, aikin banza ne. Ni wajen mai sayar da ƙanƙara na layinmu nake kaiwa ina ba shi ɗan wani abu, tunda shi ko ba wuta injinsa na aiki. Kuma in kin fito da ita kar ki buɗe ledar nan take, ki bar ta a ƙulle har ta huce ta dawo daidai da ɗaki, za ki ga ruwa ya tsattsafo a bayan ledar, to da a buɗe take wannan ruwan cikin fulawar zai shiga.

Bayan nan sai bokitin roba mai murfi wanda yake kamawa gam, irin na lita 20, yana ɗaukar kilo 10 da ɗan ɗoriya, kin ga buhu guda zai ci bokiti huɗu zuwa biyar. Sabo ko wanda abinci ya fito a ciki, banda na fenti da na sinadari ko sau nawa aka wanke. Ki wanke ki kife a rana ya bushe ƙarau tukun. Kar ki aje a ƙasan siminti kuma kar ya jingina da bango, ki ɗora a kan katako ko benci. Ƙaramar roba ɗaya daban ita za ki dinga ɗiba kullum, manyan kuma sai in ta ƙare ki buɗe. Kuma kar ki juye sabuwa a kan ragowar tsohuwa, ki ƙarar ki wanke bokitin sannan.

Sai wari. Fulawa ba abin da ba ta sha, kalanzir, omo, sabulun wanka, daddawa, busasshen kifi, har turaren wuta. Wata ƙawata sitonta ɗaya da kayan humra, kek ɗin bikin da ta yi kowa ya gutsira sai ya kalli na kusa da shi.

Wadda kika ga ƙwari a ciki, in 'yan kaɗan ne kuma kin shinshina ba wari, ki tankaɗe da rariya mai laushi ki yi fanken gida da ita, ba za ta kashe kowa ba, amma ni ba na yi wa kwastoma aiki da ita. In ta yi zare-zare a jikin leda, ko ta canza kala ta yi toka-toka, ko ta yi gudaji masu tauri da warin fumfuna, zubarwa za ki yi, wuta ba ta gyara abin da ya yi fumfuna. Kuma dan Allah dan Annabi kar wani ya ce ki sa fiya-fiya ko ƙwayar nan ta bom da ake sa wa buhun wake da masara a sito. Guba ce, iskarta kaɗai tana kisa a ɗakin da ake kwana, balle a garin da yara za su ci.

Inna Gangare:

'Yata Allah ya yi albarka a sana'a. Jikata ce take rubuta min ina faɗa. Ni ban san kek ba, alkaki da funkaso da dubulan da gurasa su na sani, su nake yi wa amare tun kasuwar Terminus tana tsaye kafin gobarar 2002. A kan garin alkama zan yi magana tunda kin ce kina da shi.

Garin alkama ba a aje shi kamar fulawa. Ita fulawa an cire mata dusa da ɗan ƙwayar idon nan mai maiƙo, shi ya sa take daɗewa. Namu na gida komai yana ciki, to wannan maiƙon shi yake juyawa ya yi ɗaci da wani wari kamar tsohon man gyaɗa. Wata ɗaya zuwa biyu kin ga ya fara canzawa, lokacin zafi ma bai kai haka ba. Saboda haka alkamar ake ajewa tsabarta, ita tana shekara lafiya in ta bushe, sai ki dinga ɗiban wadda za ki yi aiki da ita kina kai niƙa. Ki samu ta gida ta noman rani, ta wajen Kadawa ko Haɗeja, bayan an yi girbi wajen watan uku zuwa huɗu ta fi sauƙi kuma sabuwa ce, a kasuwar Katako wajen masu hatsi ki tambaya. Ki tsince tsakuwa, ki wanke, ki shanya ta bushe sosai har in kin ciza ta ce ƙas.

Wajen niƙa kuma ki je da kanki ko ki aiki mai hankali. Injin da ya gama niƙa barkono ko citta ko masarar da aka jiƙa, in aka zuba miki a kai kin gama yawo. Ki sa ya fara zuba ɗan kaɗan ya wanke injin a ware wannan na farkon a yi tuwo da shi. Kuma gari yana fitowa daga inji da zafi, in kika ƙulle shi a leda haka zai yi gumi kafin kwana uku ya yi tsami. Ki baza a faranti babba a inuwa ki rufe da mayafi mai shara-shara ya sha iska tukun.

In za ki haɗa da fulawa kar ki wuce rabi da rabi, kuma yana shan ruwa fiye da fulawa, ki ƙara ruwa ki bar kwaɓin ya ɗan huta kafin ki murza, dusar ta jiƙu. A cincin da fanke yana daɗi yana da ƙamshi, sai dai zai yi duhu, wasu kuma farin suke so. Amma in dan sauƙi za ki haɗa, ki fara tambayo kuɗin mudun alkama tukun, sau da yawa ba ta fi fulawar araha ba.

Maganar firiza da yarinyar nan ta yi, mu da ba mu da shi busasshen barkono muke jefawa a ciki, kuma mu baza a rana su gudu.

Ummi Kubwa:

Inna Allah ya ƙara girma, rana tana korar manyan kam gaskiya amma ƙwan yana nan, ga ƙura da kaji. Barkono a tsabar hatsi ban musa ba, a fulawar kek ne nake tsoro kar a yi wa amarya kek mai yaji.

Yar Tudun Wada:

Anti ni kimiyyar abinci na karanta kuma ina kek a nan Jos, bari in ɗora a kan maganar Malam mai biredi. Abin da ya kira ƙarfi yawan furotin ne, fulawar biredi tana da kamar kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, ta gama-gari 10 zuwa 12, ta kek 7 zuwa 9. Ba sai kin nemo ta kek ba za ki iya sassauta wadda kike da ita. A duk kofi ɗaya ki ɗebe cokali biyu na cin abinci ki mayar da cokali biyu na kon fulawa, farar nan mai santsi ta kwali ko leda, ba garin masarar tuwo ba, ki tankaɗe su tare sau biyu ko uku su haɗu. In babu, garin kastad ma yana yi tunda shi ma sitaci ne aka sa wa kala da ƙamshi, sai dai kek ɗin zai ɗan yi rawaya. Mai tashi da kanta kuma ba wani sirri, kofi ɗaya na fulawa, ƙaramin cokali ɗaya da rabi na bakin foda (baking powder, hodar da ke sa kek ya tashi), gishiri kwata na ƙaramin cokali. Ki haɗa lokacin da za ki yi aiki, kar ki haɗa ki aje dan bakin fodar tana mutuwa.

Taurin nan rabi fulawa ce rabi hannu. Da zarar fulawa ta haɗu da ruwa duk juyin da kika yi danƙo kike tayarwa. Ki buga bota da suga da ƙwai iya son ranki, amma in kin zuba fulawa ki kashe mikza ki ɗauki cokalin katako ki juya a hankali daga ƙasa zuwa sama, kina daina ganin fari ki tsaya. Mitfai ma haka, ki murtsuke bota a cikin garin da yatsu har ya yi kamar ɓarɓashi, ruwan sanyi kaɗan, ki tattara shi kawai ba murza irin ta biredi ba, ki rufe ya huta rabin awa. Da an yi haka da Abu Fatima bai nemi shayi ba. Kuma ki sayi ɗan sikelin kicin, kofi ɗaya ya kamata ya zama giram 120 zuwa 125, amma in kika cusa kofin cikin bokiti kika danno zai iya kai 150, a kofi huɗu kin ƙara kusan wani kofin ba ki sani ba.

Lotsawar tsakiya kuwa ina zargin garinmu ne. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, iskar sama ba ta danna abu kamar a Legas, ko ruwa ma a nan wajen digiri 96 yake tafasa ba 100 ba. To kumfar cikin kek tana kumbura da sauri ta wuce ƙarfinta kafin jikin kek ɗin ya gasu ya riƙe ta, sai ya tashi fuu ya dawo ya zauna. Matar bidiyon wataƙila a bakin teku take, awonta na can ne. Ki rage bakin foda, a duk ƙaramin cokali ɗaya ki cire kamar kwatansa ko ƙasa da haka, ki rage suga cokali ɗaya a kofi, ki ƙara madara cokali ɗaya ko biyu, wutar kuma ki ɗan ƙara kaɗan dan ya kama da wuri. Kar ki cika gwangwani ya wuce rabi da ɗan kaɗan, kuma kar ki buɗe oben kina leƙe a minti 20 na farko. Lokacin hunturu fulawa tana bushewa ta ƙara shan ruwa, awon da ya miki daidai a watan takwas zai miki tauri a watan ɗaya, da ido da hannu za ki gyara.

Acca ba ta da danƙo ko kaɗan, saboda haka a biredi da donat in ta yi yawa ba za su tashi ba, amma a biskit da cincin da kek wannan rashin danƙon ma taimako ne. Ki fara da kashi ɗaya cikin biyar ki gani. Aikin yana wajen rege yashi, kin san halinta, in yashi ɗaya ya shiga haƙorin kwastoma ba zai dawo ba. Ki rege ki shanya ki niƙa ki tankaɗe da rariya mafi laushi. Kuma ni a ganina kar ki ɓoye, ki ce kek ɗin acca ne ki ɗora kuɗi a kai, mutanen Abuja nema suke. Wanda zai rage miki kuɗi da gaske rogo ne. Gwamnati ma ta gwada, lokacin Obasanjo aka ce a sa kashi 10 a fulawa, lokacin Jonathan da Adesina yana ministan gona aka yi ta tallan biredin rogo. Amma garin da ake nufi wanda aka kankare aka matse aka busar a rana ɗaya ne bai yi tsami ba, fari tas ba wari. Alabo na tuwo da ɗanwake an jiƙa shi ya kwana, warinsa zai fito a cincin.

Maman Haidar:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, Inna a gaida jika. Na yi gwajin dunƙulawa yanzun nan ina buɗe hannu ta watse, ashe ta biredi nake ta fama da ita. Na yi wa mata biyu magana a layinmu sun yarda mu raba buhu. Saura abu ɗaya Malam, wani ya ce min akwai wata farar hoda da masu biredi suke sawa abu ya kumbura ya yi laushi, ana sayarwa a ƙulle a leda, in saya in dinga sawa a donat?

Mai Biredi Bukuru:

A'a Hajiya, duk hodar da ba suna ba lamba a jikinta kar ki kusance ta. Akwai imfuruba, wato hodar gyara ƙullin biredi, ta halal a kwali da sunan kamfani da lambar NAFDAC, yawanci bitamin C ne a ciki da wasu sinadaran da ke taimakon yis, wannan ba laifi. Amma ta ƙullin leda ba ki san mene ne ba, zai iya zama buromet, wanda aka haramta a ƙasar nan, tun zamanin da Dora Akunyili take shugabar NAFDAC ake rufe gidajen biredi a kansa saboda yana taɓa ƙoda kuma ana danganta shi da ciwon daji. Donat ɗin gida ma ba ya buƙatar ko ɗaya. Shi ne ma inda fulawar taki mai ƙarfi za ta yi miki rana, kar ki sa mata kon fulawa a nan, ki murza sosai har ƙullin ya yi santsi ki yanki kaɗan ki ja shi ya yi siriri haske na ratsawa bai yage ba. Sanyin da za a shiga yanzu yis zai dinga nawa, ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi wanda yatsanki zai zauna a ciki ba zafi, mai zafi kashe shi yake yi, ki rufe robar da leda da bargo ki aje kusa da murhu, kuma kar ki bi agogon bidiyo, ki jira sai ya ninka biyu ko awa nawa zai ɗauka.

In za ku raba buhun ku je tun kafin tsakiyar watan sha biyu, lokacin kowa cincin yake dila ba ya sauraron ragi. Ku tafi da bokitanku da sikeli, a buɗe ɗinkin a gabanku, ki cusa hannu har tsakiya ki ɗebo ki shinshina kafin ku biya.